Lambar Kawu Mai Kwaɓi

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya ciwon bayan nan da kake ɓoye mini? Mu nan lafiya lau. Yara suna gaishe ka, Auta ta ce lallai a gaya maka haƙorinta ya fita.

Tun da ka tafi aikin hanyar nan gidan burodinmu yake ta ƙaruwa, har na ɗauki mai tanda da direban kai kaya, ban da Kawu mai kwaɓi da ka bar mini. Sai ga wata jami'a daga ofishin inshorar ma'aikata. Ta leƙa tanda, ta sayi burodi, sannan cikin fara'a ta ce kafin wata ya ƙare in yi wa kowa rajista da lambarsa ta inshora, wanda babu sunansa kuwa ba zai ci gaba da aiki a nan ba.

Mai tanda da direba sun kawo nasu ba gardama. Kawu kuwa kullum amsarsa ɗaya, gobe uwar ɗakina. Jiya da na matsa masa, sai ya wanke hannu, ya rataye rigar aiki, ya ce gara in fara neman wani mai kwaɓin. Ya ƙi faɗin dalili.

Baban yara, hankalina ya tashi. Ka san burodinmu hannun Kawu ne. Kuma ban da burodi, ina dattijo irinsa zai sami aiki yanzu? Ka sa mu a addu'a.

Taka har kullum,
Maman yara


Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi da ka je asibiti ba sai na yi faɗa ba. To kwantar da hankalinka, domin nawa ya kwanta. Kawu yana nan daram.

Shawararka na bi, na daina tambayarsa a gaban yara. Na bari aka tashi daga aiki, muka zauna a kan buhunan fulawa, na ce masa ni 'yarsa ce, ko mene ne ya faɗa mini. Ya daɗe yana kankare busasshen ƙullu daga farcensa kafin ya buɗe baki.

Ashe tun yana saurayi yake aiki a wata masaƙa, har furfura ta fara fito masa. Can suka yi masa rajista, amma katin yana ajiye a durowar manaja. Wata rana suka sami saɓani, aka sallame shi. Ya koma neman katinsa, maigadi ya hana shi shiga. Daga baya masaƙar ma ta rufe. Shi a tunaninsa lambar ta kamfani ce, ta mutu tare da shi, da duk abin da aka riƙa cira a albashinsa. Wani kuma ya tsorata shi cewa in ya nemi sabuwa za a ce ɗan damfara ne mai lamba biyu, a tsare shi, a haɗa da ni da na ɗauke shi aiki. Wai gudun ja mini masifa ne ya sa zai tafi. Wallahi sai da na kau da kai don kada ya ga idona.

Ni ma ban san yadda abin yake ba, na dai ce mu je ofishin inshorar mu tambaya, in kamawa ce a kama mu tare. Da safe ya zo cikin kayansa na fita, har da turare, kamar mai zuwa kotu. Muka zauna a kujerun roba ƙarƙashin wata fanka mai kukan tsufa, shi kuwa sai kallon ƙofar fita yake yi.

Da layi ya zo kanmu, ma'aikaciyar ta tambayi sunansa da shekarar haihuwa, ta ce ya ɗora babban yatsa a kan gilashin na'ura. Na'ura ta ƙi. Ya goge, ta ƙi. Kwaɓi ya cinye zanen yatsun Kawu, sun yi sumul kamar bayan cokali. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai a ɗan ƙaramin yatsan hagu, wanda ba ya shan wahala, muka ji ƙit.

Ta juyo mana da kwamfutar. Baban yara, da ka ga hoton! Wani saurayi mai suma tuli da gashin baki, yana hararar duniya. Na ce Kawu, wannan ɗan gayun fa? Duk ofishin aka kwashe da dariya, ban da shi.

Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, lambar nan taka ce, ba ta kamfani ba. Duk inda ka koma aiki tana bin ka. Shekarunka na masaƙa ga su nan, ko ɗaya ba ta ɓace ba, a kansu za mu ɗora na gidan burodi."

Ya sa ta maimaita. Ta maimaita. Nan take ta haɗa shi da rajistar gidanmu, ta ce a dawo karɓar sabon kati, kuma a hannunsa zai zauna, ba a nawa ba.

Da muka fito sai ya zauna a kan matakala. Can ya ce, ashe ban yi aikin banza ba. Ya ce ya daɗe da gaya wa matarsa kada ta sa rai da fansho, kwaɓi zai yi har ranar da hannu ya gaza. Sannan cikin jin nauyi ya roƙi in ba shi yinin nan ya je ya faɗa mata da bakinsa. Ka san Kawu bai taɓa neman hutu ba. Na tare masa mota da kaina.

Saboda haka ni na yi kwaɓin ranar. Burodin ya fito da tauri, har direba ya ce a ajiye maka kaɗan ku yi cikon hanya da shi. Kafaɗuna har yanzu ba su dawo daidai ba, in ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri.

Ka kula mini da kanka, ka sha maganinka.

Matarka mai kewarka,
Maman yara