Amshin da Nafi Ta Rera a Maamobi

Nima, Accra
20 ga Yuni, 1988

Zuwa ga Yayata Hajiya Ƙaltume,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin lafiya, ke da iyalinki a Kano, Ya kuma sassauta miki ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. Maigidana Malam Abukari yana nan da shagonsa a Abossey Okai, damina kuma ta sauka da ƙarfi, har babban kwalbatin Nima ya cika ya shiga gidajen maƙwabta, amma namu Allah Ya kiyaye.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki alƙalami abu ne da nake jin kunyar faɗa wa kowa sai ke. Ɗiyata Nafi ta shiga wata ƙungiya ta samari da 'yan mata masu tsara waƙa su karanta da baki a gaban jama'a, ba ganga ba kiɗa. Ranar Asabar bayan la'asar suka taru a filin makaranta a Maamobi don tunawa da yaran Soweto da aka harbe a Afirka ta Kudu. Na je ne da niyyar in tsaya daga baya, in tabbatar mayafinta bai zame ba. Samarin suka yi nasu da Turanci, suna ambaton kurkukun bakin teku inda Turawa suka riƙa cusa baƙar fata, ana tafa musu sama-sama. Sai Nafi ta miƙe ta yi nata da Hausa, ta kuma sa masa amshi irin na waƙoƙin makarantar Babanmu, wanda mai waƙa ke bayarwa jama'a su karɓa: "Ruwan gishiri, ina ka kai su? Mun ƙirga, ba su cika ba." Masu sayar da waakye, shinkafa da waken nan, suka bar tukwanensu suka karɓa. Na ga tsofaffi suna share ido.

Kin san amshin nan, Yaya. Ni na tsara shi ina shekara goma sha biyar, ranar da Kaka Fatimata ta ba mu labarin ƙannen kakarta da aka gangara da su bakin teku daga kasuwar bayi ta Salaga ba su dawo ba. Da Baba ya ji ni, ya ce muryar mace ba ta tsallake katanga, ban ƙara rera shi ba ko a gaban turmi. Ashe kin sa shi a kaset ɗin da kika aiko wa Nafi. Da ta gama, ta faɗa wa taron cewa amshin na Innarta Ƙaltume ne ta Kano, macen da ba ta yarda a binne labari ba. Aka tafa miki, ina tsaye.

Ban zarge ki da ƙarya ba, na san rerawa kawai kika yi, ba ki ce naki ba ne. Amma zuciyata ta yi zafi da ke, ta kuma yi zafi da ɗiyar cikina, domin ta tsaya inda ban samu tsayawa ba, mahaifinta ma yana gaba yana gyaɗa kai. Shekara talatin ina ganin na bar waƙa saboda Allah. In da gaske saboda Shi na bari, me ya sa tafin da aka yi wa wata ya ƙona ni haka? Ina tsoron kada ya zama tsoron Baba ne kawai na lulluɓe da sunan ibada. Na yi istigfari, na yi azumin Litinin, zafin bai tafi ba.

A hanyar gida Nafi ta riƙe hannuna ta ce, "Umma, na hango bakinki. Kin riga kowa karɓa, tun ban ƙarasa ba. A ina kika san shi?" Na ce mata ta yi sauri magariba ta kusa. Har yau tana kallona, ni kuma ina kawar da kai. Akwai baiti huɗu da ke bin amshin, waɗanda ko ke ba ki taɓa ji ba. Jiya na rubuta su da ajami, ban manta ko harafi ɗaya ba, wannan ma ya ba ni tsoro.

Roƙona gare ki ɗaya ne. Idan Nafi ta rubuto tana tambaya, kada ki gaya mata mai amshin. Kin riga ni ba ta shi, ki bar mini faɗin cewa nawa ne. Ranar Juma'a, in Allah Ya yarda, zan zaunar da ita in karanta mata da muryata.

Ki gaishe mini da Alhaji Garuba, da Mulikatu da jaririnta, da Sulemana. Malam Abukari yana gaisuwa. Ki sa ni a addu'a, Allah Ya wanke mini zuciya.

Ƙanwarki,
Memuna