Zobba Ashirin da Ɗaya a Cikin Tasnim

Labasa, ranar Talata

Zuwa ga yayata, Apa Nazmun,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya ba ki juriyar aikin gonar inabi a Mildura, Ya tsare miki ƙugunki. Mahaifiyarmu Ammi tana lafiya sai ciwon ƙafar da kika sani. Abba ya gama saran rake, yanzu aikinsa faɗa da kajin maƙwabta.

Na san da kin ga rubutuna za ki fara neman inda na ɓoye tsiyar. Wallahi wannan karon babu. Na ba Feroz, wanda zai taho wajenku, ya kawo miki hannu da hannu ne don bakina ya kasa faɗa a waya.

'Yarki Tasnim ba ta da lafiya, wata uku ke nan. Sai ta yi kwana takwas ba ta zaga ba. Cikinta ya yi tauri kamar kwakwa, gurasar roti ɗaya ba ta iya gamawa, a makaranta kuma yara sun fara toshe hanci in ta wuce. Ammi ta ba ta gwanda, ta ba ta jiƙon tsamiya, Maulana ya yi mata tofi, shiru. Duk Lahadin da kika kira, sai mu yi mata kwalliya mu zaunar da ita. Ammi ce ta hana a faɗa, wai za ki jefar da aikin ki taho.

Makon jiya na kai ta asibiti. Likitar ta ba mu wasu 'yan zobba ashirin da huɗu, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, muka cusa a ayaba ta haɗiye. Aka ce kada a ba ta komai na wankin ciki har kwana biyar. Sai da na ɓoye tsamiyar Ammi a buhun taki. A rana ta biyar aka ɗauki hoton cikinta. Kin san ni bayan allo ban yi wani karatu ba, amma na iya ƙirga. Ashirin da ɗaya na gani, farare, sun taru can ƙasa wuri guda kamar carbi ya tsinke a aljihu. Likitar ta ce da hanjin ne ya yi sanyi, da sun warwatsu ko'ina. Hanjinta lafiya lau, ya kai kaya har bakin ƙofa, yarinyar ce take riƙewa. Ta tambaya ko wani abu ya taɓa tsorata ta a bayan gida. Na ce ban sani ba.

Apa, na sani. Bayan guguwar da ta fasa mana bandakin cikin gida, mun koma tsohon masai na bakin gonar rake. Wata rana Tasnim ta ci mini mangwaron da na ajiye, sai na ce mata akwai wani ƙaton kwaɗo a ramin, mai haƙora, yana jiran ɓarayin mangwaro. Da ta shiga na laɓe a baya na yi kukansa da gwangwani. Ta fito a guje, na yi dariya har na faɗi. Ni na manta tun ranar. Ita shekararta shida.

Na faɗa wa Ammi, ta ɗauke ni da muciya, ban kauce ba. Na kai Tasnim bakin ramin da rana tsaka, na haska mata, na nuna mata gwangwanin, na rantse mata da Alƙur'ani. Ta dube ni ta ce, "Mamu, ai kai ka ce an haifi ɗan akuya mai kai biyu. Kai ka ce gishiri sukari ne. Sai Mama ta faɗa."

Mun karɓo magani tana sha, ni kuma ina gyaran bandakin ciki da hannuna. Sai dai likitar ta ce magani ba ya cire tsoro. Idan nan da mako biyu ba ta saki ba, hanjin zai ƙara buɗewa, sai an kwantar da ita a babban asibitin Suva an zura mata roba ta hanci. Jiya na same ta bayan ƙofa ta harɗe ƙafafu, gumi yana zuba, ba ta ko kuka.

Don Allah kada ki jira Lahadi. Ranar da Feroz ya iso, ki kira. Ki ce mata babu kwaɗo, Mamu Irshad maƙaryaci ne, ki faɗa da muryar nan taki da ba a musu da ita. Kada ki yi kuka a gabanta. In kun gama, ki ce a miƙo mini wayar, ina nan tsaye, ki faɗa mini duk abin da kika ga dama.

Ki gaida innarmu Khala Shamshad da mijinta, da Rehana abokiyar ɗakinki. Ammi da Abba suna gaishe ki.

Ƙaninki,
Irshad