Fankar da Ta Koyi Shiru

Ƙanwata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

An sallamo Malam daga asibiti, muna gidan yaron nan, ɗan naki, a saman bene. Likita ya ja mana kunne kan abu ɗaya: na'urar da ke ba Malam iskar numfashi kada ta tsaya. Wutar lantarki kuwa kin san halinta, tafiya take ba sallama. Shi ya sa surukata, wadda muke tsokana da Injiniya, ta kafa wata fanka a kan rufi, iska na juya ta tana cika batir. Tun daga ranar na'urar ba ta yi ko tari ba.

Sai dai fankar akwai baki. Da iska ta taso sai ki ji wuu-wuu har cikin ƙirji. Telan da ke ƙasanmu, wanda kekensa ke hana mu barcin rana, shi ne fa ya kai ƙara wurin mai gidan haya wai an hana shi sakat. An ce ko a yi maganin ƙugin kafin ƙarshen wata, ko a sauke ta. In aka sauke, Malam zai koma gadon asibiti, ga shi ya riƙe hannuna ya ce don Allah kada in bari a mayar da shi. Wallahi ina jin tsoro.

Ga wata magana kuma, ki bar ta a cikinki. Ina share ɗakin aikin yarinyar nan na ga gashin tsuntsu jere a kan tebur. Na mujiya! A gidan da ake jinya? Yini na yi ina addu'a.

Ki gaishe da kowa.

Taki,
Yaya

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya yaran, yaya ƙafa? Amsarki ta iso, na kuma ga dariyar da kika yi mini, Allah ya isa.

Na bi shawararki na tambayi Injiniya maganar gashin. Ta durƙusa tana ɓoye dariya, ta ce Mama ki ara mini kunnenki. Ta kaɗa gashin tattabara, na ji fuu. Ta kaɗa na mujiya, shiru kamar ba ta motsa hannu ba. Ta sa na shafa shi: gefe ɗaya 'yan haƙora ne irin na matajin kai, ɗaya gefen kuma geza mai laushi. Wai su ne ke tsattsaga iska har ta wuce ba ta yi ƙara ba. Ashe tsintowa ta yi a gindin wata bishiya a bayan wurin aikinta. Ta ce Allah ya riga ya gama aikin, ita kwaikwayo kawai take yi. Maganar nan ta shige ni.

Da almakashina ta yanka roba mai haƙora, ta manna a gefen fukafukan fankar. Gwajin farko fankar ta koma yin fito, tela ya fito da tef a wuya yana nuna sama. Yarinyar nan ko a jikinta. Ta hau, ta ɓare, ta rage haƙoran, ta sake mannawa, har yatsunta suka yi kanta. Ɗan naki kuwa riƙon tsani kawai ya iya. Ina tsaye ina kallonta na ji ƙaunarta ta cika mini zuciya.

Jiya da la'asar tela ya hawo gaida Malam. Da ya daina jin ƙugin, ya ɗauka mun sauke fankar, ya yi ta godiya, har da ba da haƙuri, wai ba don ya ƙi mu ba ne. Malam ya fara dariya har sai da na gyara masa robar hancinsa. Na ce wa telan ya biyo ni baranda, na nuna masa rufi. Ga ta nan tana ta gudu, iska har tana ɗaga masa riga. Ya daɗe baki buɗe, sannan ya tambaya a hankali ko Injiniya za ta duba masa kekensa.

Yanzu haka Malam na barci a gefena, a gida. Ba abin da nake ji sai numfashinsa.

Ki zo ki gan shi.

Taki har kullum,
Yaya