Sirrin da na ba Habu

Daren Laraba, Makarfi

Habu ya ci amanata. Sati uku ina fama da wasan yaƙin nan na waya kafin na gano lagon kwamfuta: in ka tura maharbi ɗaya ya gifta, duk dodanninta sai su bi shi a guje, su bar ƙofar gari a buɗe. Habu abokina ne tun firamare, shi kaɗai na faɗa wa, har ya rantse ba mai ji.

Yau na tarar da shi a shagon caji yana nuna wa jama'a, wai shi ya gano. Ko kunya babu ya ce, "Idi, zo in koya maka."

Ina ta yi wa kwamfuta dariya, ashe ni ma tawa ƙofar a buɗe na bari.