Kwalbar Anselmo Ta Ƙarshe

Litinin, 13 ga Nuwamba

An yi addu'ar cika shekara ɗaya da rasuwarka jiya. Fadan cocinmu ya faɗi sunanka daidai, Anselmo, ban yi kuka ba sai da muka fito.

'Yarmu Velancia ta kira daga Dubai, ta ce tikitin jirgin ruwan ya tabbata, ni da yayarka Idalina. Daga Mumbai zuwa tsibirai, a dawo. Na ce mata zan tafi da kwalbar babanta. Ta ce, "Mama, ba sa barin mutum ya shiga da giyarsa." 'Yar yau, ita za ta gaya mini dokar jirgi! Shekara talatin mijina yana zuba wa baƙi giya a jirgi, da farin tawul a hannu.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Na sauko da kwalbar daga saman kabad. Ita kaɗai ta rage cikin giyar 'ya'yan itacen jambul ɗin da ka haɗa bara. Na tuna ranar da ka toshe ta, hannunka na rawa, kakin kyandir yana ɗiga a tebur, na ce kawo in yi maka, ka ce in koma kicin ɗina.

Ga shirina. Zan zauna a tebur kamar fasinja, a zuba mini kofi ɗaya. Sauran in juye a teku. Shi ke nan, na sallame ka.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Yaya Idalina ta kawo shinkafa da miyar kifi, ta leƙa kicin ta ga yanar gizo a kan dutsen niƙa. "Perpetua, shayi da burodi har yaushe? Ƙanena ne ya mutu, ba murhu ba." Wa zan dafa wa?

Sai ta zo da dabara, wai mu juye giyar a robar ruwan tsarki mai siffar Maryamu, babu mai taɓawa. Na ce a'a. Duk rayuwarka ta ƙofar ma'aikata ka shiga jirgi. Giyarka ta ƙofar gaba za ta shiga, a kwalbarta.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Sun karɓe kwalbar a ƙofar shiga jirgi.

Na'urar duba kaya ce ta nuna ta. Wata ma'aikaciya mai ladabi ta ce kwalba ɗaya an yarda, amma sai mai hatimin kamfani, haɗin gida ba ya shiga. Na ce hatimin mijina ne a kai, ya fi na kamfani. Ta yi murmushi ta ce, "Anti, za mu ajiye miki, yammacin ƙarshe a ba ki." Yaya na zungura ta da gwiwar hannu: "Da kin ji maganata da yanzu Maryamu ta wuce da ita."

Ban roƙa ba. Na ce a tsayar da ita, kada a kwantar. Yammacin ƙarshe ma yammaci ne.

Talata, 21 ga Nuwamba

Ashe haka wurin yake. Fitilu, madubi ko'ina, kafet har a matakala. Ba ka taɓa ba ni labarin wannan ba, kullum sai ciwon ƙafa da wanda ya yi amai a tebur.

Laraba, 22 ga Nuwamba

Shugaban masu kai abinci mutumin Velim ne, can yankinmu, sunansa Bostião, mai furfura. Daga jin yadda na ce a ƙara mini ruwa ya gane daga inda na fito. Bai san ka ba, jirginku ba ɗaya ba ne. Amma tsayuwarsa irin taka ce, hannun hagu a baya, kai ɗan sunkuye. Na gaya masa zancen kwalbar, ya ce da kansa zai kawo.

Abincinsu ga yawa ga kyau a ido, babu tsami babu yaji. Yaya ta ce kifin kamar an wanke shi da sabulu, amma faranti uku ta ci.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Tsibiri. Ruwa garau har ana ganin ƙasa. Ban sauka ba, na zauna a bene ina kallon Yaya tana tsoron igiyar ruwa da siket a hannu.

Juma'a, 24 ga Nuwamba

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Kafin rana ta faɗi Bostião ya sa mana tebur a bayan jirgi, da farin ƙyalle. Na sa rigata shuɗiya, na cire baƙar. Ya zo da kwalbar a kan tire, tawul a hannu, ya nuna mini ita kamar ta Faransa ce. Ya kankare kakin, ya cire toshin, ya zuba kaɗan don in ɗanɗana.

Na kurɓa. Hawaye suka zo mini, amma ba na abin da na zata ba. Tsami! Har cikin kunne. Na daure na ce, "Ta yi." Yaya ta miƙa kofinta, ta kurɓa, ta fesar a kan farin ƙyallen mutane. "Wayyo Yesu! Anselmo, ko a kabari ba za ka bar tsokanata ba?"

Iska ce ta shiga, toshin bai zauna ba, giyar ta koma ruwan tsami irin na girki. Na gaya maka ka kawo in yi maka, mai taurin kai. Shekara guda ina goge kwalbar ruwan tsami, ina yi mata magana, na yi faɗa da 'yata a kanta. Dariya ta kama ni har na riƙe tebur. Bostião ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Na je bakin ƙarfen jirgin da kwalbar kamar yadda na shirya. Na karkata ta. Sai ƙamshin ya bugi hancina, irin na kicin ɗin mahaifiyata ranar da ake niƙa jan yaji. Ruwan tsami mai kyau ne, Anselmo, ya fi na kasuwar Margão. Cikin cokali ɗaya na zuba maka a teku. Sauran na mayar da toshi. Kai ma da kana nan da ka ce ɓarna ce.

Yaya ta ce, "To, sallamar fa?" Na ce an yi.

Talata, 28 ga Nuwamba

Gida. Mai kifi ya busa ƙahonsa da safe, na fita, ya tsaya yana kallona kamar ya ga fatalwa. Na ɗauki kifi huɗu. Na wanke dutsen niƙa, na niƙa barkono, tafarnuwa, kanumfari, na zuba daga kwalbarka, na dafa kifin. Ba wani abu ba ne, don kada tsamin ya lalace ne kawai.

Na aika wa Yaya biyu. Ta aiko a ce gishiri ya yi kaɗan. Ƙarya take.

Biyun da suka rage, na ce zan ajiye ɗaya zuwa gobe. Ban ajiye ba.