Baba Ba Zai Bar Gidansa Ba

Zuwa ga Yayana Stoimen,

Gaisuwa mai yawa daga Vidin, tare da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sa albarka a aikin lemun nan na Valencia. Mu nan lafiya lau. Mun gama gasa tattasan hunturu, ƙafar Baba kuma ta yi sauƙi.

Bayan haka, saƙonka ya iso, wai in ƙwace rediyon Baba in kai shi gidan tsofaffi, don Gwaggo Tsveta ta ce maka ya ruɗe, yana kwana kan shirin fatalwa yana surutu shi kaɗai. Yaya, ba zan yi ba. Da ni yake surutun. Tun rasuwar Mama barci ya ƙaurace masa, sai muke zama muna jin masu bugo waya. Wannan ya ga wuta tana yawo a kan kogin Danube, wancan kakarsa marigayiya tana motsa masa cokula. Kowa ya gama, Baba zai tambaye ni wa ya gani, daga ina ya hango, kuma kofi nawa na giyar rakiya ya sha kafin nan. Randa na gaskata wani, cewa ya yi kaina tulu ne, ƙato amma fayau.

Makon jiya Gwaggo ta kawo wata mata, wai tana magana da matattu. Matar ta ce Mama na kuka a can, tana so a sayar wa wani mutum gonar inabinmu. Ni kam har idona ya cika. Baba ya zuba mata shayi, ya ce ta tambayi Mama sunan da take kiransa da shi a gida. Matar ta lumshe ido ta ce masoyina. Baba ya ce tun aurensu jaki ake kiransa, in kuwa mutuwa ce ta gyara bakin matarsa haka, sai an kawo shaida. Ko shayin ba ta ƙarasa ba. Bayan fitarta ya shiga ɗaki ya yi kuka, domin ya so a ce gaskiya ne.

Wannan ne mutumin da ya ruɗe? Gani ya kori ji. Ka zo ka zauna da mu, amma ka taho da hujjarka, don ba zai raga maka ba.

Ka gaishe da Yaya Desislava da Kalin da ƙaramar Nevena. Baba ma yana gaishe ku, ban gaya masa abin da ka ce ba.

Ƙanwarka,
Ralitsa