Ɗana ya daina zuwa saboda ina duba idonsa

Malama mai filin shawara, don Allah ki taimaka wa tsoho.

Yau Asabar. Na tashi da dama-dama, in ban da gwiwar hagu da ta ƙi lanƙwasuwa, da hannun nan mai rawa. Ki yi haƙuri da rubutun. A zamaninmu da malami ya ga irinsa, da na sha rula a yatsu.

Duk aikina a ɗakin bincike na yi shi har na yi ritaya. Abu ɗaya na bi tun ina saurayi: ƙwayar cutar nan da take shiga hanta ta kwanta shiru shekara da shekaru, mutum yana cin abincinsa yana zuwa aikinsa, sannan a wasu mutanen ta jawo ciwon daji. Da muka fara, manyanmu da yawa ba su ma yarda ƙwayar cuta tana iya haddasa daji ba. Mun yi ta ɗibar jini muna jera kwalabe a firji, muna bin iyalai gida-gida mu ga wa ya kamu, wa ya tsira. Na san yankan hanta a ƙarƙashin madubin bincike fiye da yadda na san fuskokin maƙwabtana. Allah ya kuma ja kwanana har na ga ana yi wa jarirai rigakafi. Ba ni da ƙorafi a kan aikin.

Matata, Allah ya ji ƙanta, tana ɗauke da ƙwayar, ba mu sani ba sai bayan ta haihu. Dajin hanta ne ya yi ajalinta. Yaron ya ɗauka a wajen haihuwa, lokacin rigakafin bai iso gare mu ba, kuma shi kaɗai Allah ya ba mu. Yanzu magidanci ne har da furfura a gemu, yana koyar da lissafi a sakandare. Matarsa da yaransa duk an yi musu allura. Shi kuwa abin da ake nema gare shi bai taka kara ya karya ba: duk wata shida a gwada jininsa, a ɗauki hoton cikinsa. In an ga abu yana ƙarami, akwai abin yi. In ya girma har ya nuna a jiki, galibi an makara. Wannan na san shi kamar yunwar cikina.

To, ya daina zuwa asibitin, ya fi shekara. Shi da bakinsa ya faɗa min, wai ya gaji da zaman jiran sakamako kamar mai jiran hukunci, kuma lafiyarsa lau. Matarsa tana tsammanin yana zuwa. Ya roƙe ni kada in gaya mata, wai kada gidansa ya koma irin nawa.

Ina da wata ɗabi'a. Kujerata tana bakin taga saboda haske. In ya sunkuyo zai gaishe ni, sai in ja fatar idonsa ƙasa in ga ko farin ya soma yin rawaya, in juya tafin hannunsa, in tambaye shi ko wando ya fara matse shi a ciki. Ba da niyya nake yi ba, hannun ne yake tafiya da kansa. Jikokina suna ce min Kaka mai leƙen ido. Ƙaramar, wadda take cewa ita ce amaryata, tun daga ƙofa take gwale idonta don kada angonta ya wahala.

Zuwansa na ƙarshe, da albishir ya zo: an ba shi mataimakin shugaban makarantarsu. Yana cikin ba ni labari na ga kamar ya faɗa a wuya, sai na katse shi na tambayi nauyinsa. Sai ya ce tun yana yaro in na kalle shi ba ɗa nake gani ba, kwalbar jini nake gani, kuma haka na yi wa mahaifiyarsa. Wannan ta ƙarshen ban yarda da ita ba, ko kuma dai ban sani ba. Tun ranar sai aike. Magungunana ba sa yankewa, cefane ba ya yankewa, amma ƙafarsa ta ɗauke.

Malama, in gaya wa matarsa? Mace ce mai hankali, in ta tsaya a kansa zai je. Sai dai in na faɗa, na rasa shi gaba ɗaya. In na yi shiru kuma wani abu yana girma a cikinsa, da me aikin nan nawa ya amfane ni? Ni kwanana ya ƙare saura kaɗan. Ina so in riƙa ganinsa, ina kuma so ya daɗe a bayana.

Jiya ya turo saƙo cewa zai leƙo yau da la'asar. Na sa an share falo, na zuba shayi a fulas, na ja kujerar nesa da taga. Ga shi magariba ta wuce, bai zo ba.

Tsohon mai bincike

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya sassauta gwiwar.

Ban isa in yi maka gardama a kan hanta ba, kuma gaskiyarka ce, dole ya koma asibiti. Amma da maganarka zan kama ka. Kai ka ce in abu ya nuna a jiki an makara. Ashe duban idon nan ba ya gano komai da wuri. Kai yake kwantar wa hankali na ɗan lokaci, shi kuma yana korar sa.

Ɗanka ba jahilci ne ya hana shi zuwa ba, a gidanka ya tashi. Tsoro ne. Ya ga yadda mahaifiyarsa ta ƙare, kuma mai tsoro ba ƙarin bayani yake buƙata ba. Shi ma yana da nasa laifin: ɓoye wa matarsa ba daidai ba ne, don ita za a bari da yara. Duk da haka kada ka je mata a bayan idonsa.

Gobe ka kira shi a waya. Kada ka tambayi abin da ya hana shi zuwa. Ka ba shi haƙuri a kan katse shi da ka yi, ka ce ya ƙarasa maka labarin muƙamin, ka saurara har ƙarshe. Girmanka ba zai ragu ba. In ya zo, ka riƙe kofi da hannu biyu, hannun da yake da aiki ba ya yawo.

Sai ƙafarsa ta dawo, sannan ka yi maganar sau ɗaya, ba da harshen ɗakin bincike ba. Ka ce masa tsoro kake ji, ba ka so ka binne shi. Ka yi masa alkawari in ya koma, hantarsa ta zama ta likitansa, ba za ka ƙara tambayar sakamako ba sai in shi ya kawo. Ka kuma faɗa masa a fili cewa sirrin nan ba za ka riƙe shi har abada ba: ka ba shi wata biyu ya koma ko ya gaya mata da kansa, in bai yi ba za ka faɗa mata a gabansa. Mai yiwuwa ya yi fushi. Ka jure, fushin ɗa mai rai yana hucewa.

Kai ma ka nemi tsofaffin abokan aikinka da suka rage, kada duk zamanka ya zama na jiran mutum ɗaya. Allah ya sa hoton ya fito lafiya, ya bar ku tare.